Mai Kira Shi Ke Sallama

Babi na Bakwai

Sharaɗi ɗaya tak Huzaifa ya gindaya wa Halilu ranar da ya tabbatar shi ne mai neman auren yayarsa Ummulkhairi.

"Malam Halilu, ban ƙi ka don talauci ba," in ji shi, yana zaune cikin shagonsa na bakin kasuwar Dogon Dutsi yana shafa ɗan gemunsa. "Amma gidanmu gidan Sunna na. Hannu mai yi ma iskoki kiɗi ba shi kama hannun yayata. In da gaske kake, aje goge har abada, ka biɗi sana'a ta halal, in gani da idona."

Yaron da a haife Halilu ya kusa haifarsa ke nan. To amma tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da gidan, kuma tun da mijin Ummulkhairi ya rasu ta dawo gaban tsohuwarsu, a ƙarƙashin rufinsa take kwana. Mai nema ba ya fushi. Halilu ya haɗiye, ya ce ya ji, ya kuma ɗauki alkawari.

Faɗar haka a baki ba wuya. Uban Halilu mai goge ne a Matankari, kakansa ma haka. Shi kansa tun bai fi tsayin turmi ba yake jan tsagiya, har ya kai ba a wasan bori mai suna daga Matankari zuwa Dumega a ce babu shi. Yau ga shi ya haura arba'in, ga ƴaƴa uku da uwarsu ta mutu ta bar masa, ya je ya durƙusa gaban wani mai shagon haɗa wutar sola ya ce a ɗauke shi aparanti, wato ɗan koyo.

Yaran shagon suka sa masa suna Baba Aparanti. Yatsun da suka saba da tsagiya suka koma riƙon pensi na kama waya da turnabis na ɗaure kusa. Sau nawa ya haɗa jar waya inda baƙa take, batir ya yi masa tartsatsi a fuska, yaran suka kwashe da dariya? Sau nawa maigidan shagon, wanda bai kai shi shekaru ba, ya daka masa tsawa gaban masu saye? Tukunyar gidansa kuwa ta rame, nama ya zama baƙon da ba ya kwana.

Mutum ɗaya ce ta yi murna a gidan, babbar ƴarsa Husna. A lakwal, wato makarantar boko, an daina ce mata ɗiyar mai goge, ta fara tafiya da kanta a sama.

Gwaggonsa Hindatu, wadda ke riƙe masa yaran, ita kam ba ta ga abin murna ba.

"Kai Halilu, gado riga ta da za ka tuɓe?" ta ce masa. "Ubanka da gogen ga bisa ƙahwatai yam mutu. Don mace za ka yada shi? Macen ma wadda ƙanenta ka kallonka kamar kashin kare?"

"Gwaggo, na gaji da a nuna ɗiyana da baki. Ki ɗauke shi ki kai Matankari, ki ba wanda kinka ga dama."

Ta dube shi ta dube gogen, ta ce, "To."

An doshi shekara ana haka. Wata la'asar Halilu ya je zance, ya tarar da Ummulkhairi a zaure idanunta sun yi ja. Mace ce mai kunya da tsare gida, ba ta cika kuka gaban mutane ba, shi ya sa gabansa ya faɗi.

"Ummu, lahiya?"

"Malam Abdussalamu ya sake aiko," ta ce. "Mai karantarwa madarasar su Huzaifa. Yanzu kullum maganatai a cikin gidan ga. Da sahe shi, da marece shi. Wai mai ilimi na, wai ɗan gidan mutunci na, wai mi nika jira ga mutumen da ab baran yaro."

"Ke mi kinka ce?"

"Na ce ni ba yarinya ba ce, ba mai yi min dole." Hawaye suka zubo mata. "Amma Baban Husna, kwano guda muke ci da Huzaifa. Shi ka biyan lakwal ɗin ɗana. In ya shigo ya ɗaure huska, abinci ba shi wuce min wuya. Na gaji, wallahi na gaji."

"Inna hwa? Ba ta sa baki ba?"

"Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da an ambaci sunanka sai ta tashi ta shige ɗaki."

Halilu ya buɗe mata tafukan hannunsa. Duk sun yi kanta, ga tabon ƙuna a babban yatsa.

"Diba, Ummu. Hannun ga ba na da ba na. Ki ƙara min haƙuri kaɗan."

Ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta ɗago. "In tambaye ka, ka gaya min tsakaninka da Allah? Kana kewar gogen?"

Ya so ya ce a'a, harshensa ya ƙi.

"Ina yi," ya ce. "In na ce miki ba ni yi na yi ƙarya. Wata rana ina cikin aiki sai in ji yatsuna na motsi su kaɗai. Amma ke kin hi shi, Ummu. Ke da ɗiyana kun hi shi."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta, shi kuma ya zauna kamar an dasa shi, ba damar ya taɓa ta, ba damar ya tafi.

Ba a yi nisa ba Huzaifa ya sayi pano, wato farantin sola, da batir na gidansu, ya kuma ce wa mai shagon sola Halilu yake so a turo, shi kaɗai. Kowa ya san ba wuta kawai yake so ba, jarrabawa ce.

Halilu ya zo tun da hantsi. Ya hau rufin kwano rana na gasa shi, ya ɗaure pano, ya ja waya ɗaki ɗaki, ya duba ya sake dubawa. Huzaifa na biye da shi hannu a baya kamar mai gadin jarrabawar lakwal, yana neman inda zai ce an yi kuskure, bai samu ba. Da aka gama Halilu ya yi bisimilla ya danna. Ampul, wato ƙwan fitila, ya kama, fankar ɗakin tsohuwa ta fara juyawa.

Huzaifa ya dubi ampul ɗin. Can ya yi gyaran murya.

"To, aikinka ya yi kyau, Malam Halilu. Na kuma bincika, an ce min tun da kay yi alkawari ba a gan ka wurin wasa ba." Ya kau da kai, don maganar ta yi masa nauyi. "Ka turo manyanka bayan Juma'a."

Labulen ɗakin Ummulkhairi ya motsa. Halilu bai ga fuskarta ba, amma ya ji ƙaramin sautin hamdalarta.

Wayyo Halilu! Da ya san abin da ke tafe, da a nan ya tattara kayansa ya fice da gudu. Sai ya tsuguna a tsakar gida gaban batir yana ɗaure ragowar wayoyi, zuciyarsa fari fat, rabonsa da irin wannan daɗi tun matarsa na da rai.

Kowa da abin da ke fita bakinsa in daɗi ya kama shi. Wani dariya, wani salati. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan goge kuwa, kiɗa ne kwance a maƙogwaronsa. Bai san ya fara ba. Bakinsa a rufe yake, ta hanci abin ke fita a hankali, turnabis ɗin hannunsa na ɗan buga murfin batir yana ba shi amo. Ba kowane kiɗa ba ne kuma, taken iskar nan Doguwa ne, wanda ake kiranta da shi ta hau goɗiyarta, wato matar da take hawa, a filin bori. Baki shi kan yanka wuya.

Inna A'i, mahaifiyar su Ummulkhairi, na zaune ƙarƙashin bishiyar bedi tana tsinkar zogale. Tsohuwa ce mai hijabi har ƙasa, mai ciwon gwiwa, wadda ba ta tashi sai ta dafa bango.

Faifan zogalen ne ya fara faɗuwa.

Sai ta kurma wata irin kururuwa da ta sa kaji suka watse. Jikinta ya sandare, idanunta suka juye. Ta miƙe zumbur ba dafa komai, ta yi sama ta faɗo daɓas a kan ƙasa, ta sake tashi ta sake faɗowa.

Turnabis ya suɓuce daga hannun Halilu. Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ke yi.

"Inna! Inna!" Ummulkhairi ta fito a guje ba ko mayafi. Huzaifa ya rungume tsohuwar yana karanta ayoyi a kunnenta da ƙarfi, ta watsar da shi gefe kamar tsumma. Ta buɗe baki, muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Wa yak kira ni? Shekara da shekaru ina kwance, wa yat tashe ni?"

Kafin ka ce kwabo matan maƙwabta sun cika gidan, samari sun ɗare katanga. Wata tsohuwar maƙwabciya ta dubi Inna A'i ta girgiza kai.

"Ku ɗiyan ga ba ku sani ba," ta ce. "Uwakku an yi mata girkar bori tun tana budurwa, can Dumega, gaban idona. Goɗiyar Doguwa ta. Ubanku yah hana ta, ta tuba, ta ruhe bakinta. Yau ga shi an kira."

"Ƙarya kike!" Huzaifa ya daka mata tsawa, amma muryarsa ta karye a tsakiya.

"Ni da ƙarya, ɗan nan? To ci gaba da karatunka. Amma wadda anka kira ba ta tahiya sai an sallame ta, kuma mai kira shi ka sallama."

Idanu suka juyo kan Halilu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Huzaifa ya koma ya ci gaba da karatu, ya tofa a ruwa ya yayyafa mata, ya kira abokansa biyu suka danne ta. Abin sai gaba yake. Inna A'i ta shiga buga goshinta da ƙasa har ya fashe, jini ya gangaro kan hijabinta, numfashinta ya koma gurnani. Halilu ya sha ganin irin wannan. A saninsa, wadda aka bari a haka ko ta tashi ba ta tashi da rabin jikinta, balle tsohuwa mai hawan jini.

"Malam Huzaifa," ya ce a hankali, "ka bar ni in sallame ta."

Huzaifa ya ɗago, idanunsa jajur. "Kai kaj jawo muna wanga bala'i! Wallahi tallahi, ka ja goge cikin gidan ga, ka manta da yayata. Na rantse!"

Halilu ya tsaya, gaba kura baya sayaki. Ya tuna dariyar yaran shago, ya tuna tukunyar da ta rame, ya tuna Juma'ar da saura ƙiris. Duk wahalar nan a ce ta tashi a banza saboda waƙar da bai ma san ya yi ba?

Sai ya ji an kama gefen rigarsa. Ummulkhairi ce durƙushe a ƙasa, fuskarta sharkaf da hawaye.

"Baban Husna, uwata."

"Ummu, kin san abin da kike roƙo?"

"Na sani." Ta haɗa hannuwa biyu. "Na sani, na ji rantsuwatai. Amma uwata ta. Ka dubi Allah, kak ka bar ta ta mutu gabana."

Halilu ya juya. Ya fita ya tare kabu-kabu.

Labari ya riga shi isa gida, don a Dogon Dutsi magana ba ta jiran mota. Ya tarar da Gwaggo Hindatu tsaye a ƙofar ɗakinta riƙe da wani abu naɗe cikin tsohon zane. Ashe gogen ko tashar Matankari bai taɓa gani ba, yana ƙarƙashin gadonta tun ranar. Ta miƙa masa.

Zai fita ke nan ya yi kiciɓis da Husna, ta dawo daga lakwal da jakarta a kafaɗa. Ta dubi zanen, ta dubi ubanta.

"Baba, kai kac ce ka bari."

"Husna..."

"Kai kac ce min ka bari har abada. Na gaya ma ƙawayena duka."

Ya ratsa ta gefenta ya wuce, yana jin kukanta har bakin titi.

A tsakar gidan su Ummulkhairi ya zauna dirshan a ƙasa, kusa da batir ɗin da ya haɗa da hannunsa. Ya warware zanen, ya goga ƙaro, ya ɗaure tsagiya, ya ja.

Abin takaicin, hannun bai manta komai ba. Turnabis ya ba shi wuya wata da watanni, goge kuwa ja ɗaya ya amsa masa kamar jiya suka rabu. Abin da ya fi wannan takaici, ya ji daɗi. Daɗi ya ratsa shi tun daga yatsu har ƙirji, ya tsani kansa saboda haka, amma bai fasa ji ba.

Inna A'i ta daina buga kai. Ta miƙe, ta yi taku ɗaya, ta yi biyu, ta shiga juyi a hankali, hijabinta mai jini na shawagi. Halilu ya yi wa Doguwa kirari, ya ba ta haƙuri, ya ce kuskure ne ba raini ba, ta koma inda ta fito lafiya. Ya sassauta kiɗan, ya ƙara sassautawa. Can tsohuwar ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale ƙasa, mata suka tare ta. Ta buɗe ido da muryarta ta kullum tana tambayar wa ya zubar mata da zogale.

Maƙwabciyar nan ta rangaɗa guɗa. Tsohon hali ya motsa mata, ta kwance bakin zane ta ciro takardar kuɗi ta liƙa wa Halilu a goshinsa mai gumi, kamar yadda ake yi wa makaɗi a fili. Ya ɗaga kai, sai ya ga wayoyi jere a kan katanga, samari na ɗauka. Kafin magariba duk garin zai gani, har da maigidan shagon sola, wanda sahu ɗaya suke sallah da Huzaifa.

Ya ɓamɓare kuɗin ya ajiye a ƙasa.

Huzaifa na jingine da bango. Halilu ya zaci zagi zai sha, sai ya ga saurayin kuka yake kamar ƙaramin yaro.

"Ka tona ma uwata asiri," ya ce. "Abin da ubanmu yar ruhe har ya shiga kabari, yau ka baza shi kasuwa. Hita, Malam Halilu. Don Allah hita."

Halilu ya naɗe gogensa ya nufi ƙofa. A zaure ya ji takun da ya sani a bayansa. Ya tsaya, wani ɗan guntun fata ya taso masa. Ai bazawara ce, da bakinta ta ce ba mai yi mata dole. Rantsuwar Huzaifa kuwa kaffara ke warware ta.

"Ummu, wallahi ba da gangan niy yi ba," ya ce tun kafin ta yi magana. "Ban san Inna na da shi ba. Ban ma san bakina na motsi ba. Murna ta, Ummu. Murna ta kama ni."

"Na sani," ta ce. "Shi ya hi ba ni tsoro."

"Tsoro kuma?"

"Da don mugunta kay yi, da sai ka tuba a wuce wurin. Amma murna? In na aure ka, so nike kullum ka yi murna, Baban Husna. To kullum sai in zamna ina tsaron bakinka?"

"Za ni kiyaye. Na rantse miki za ni..."

"Ka kiyaye shekara guda. Ka ga inda ta kai mu." Ta share hawaye da bayan hannu, wasu suka biyo. "Ba ka yi laihi ba. Ka ceci uwata, ba ni mantawa har in mutu. Ba don Huzaifa nike wagga magana ba, ba kuma don Abdussalamu ba. Bar su can."

"To don wa?"

Ta matso inda haske ke shigowa ta ƙofar zaure. Sai yanzu ya lura leɓenta na ƙasa ya fashe yana jini, farcenta biyu sun karye.

"Da kake ja, ba Inna ɗai taj ji ba," ta ce, muryarta ta koma raɗa. "Wani abu ya taso min tun daga tahin ƙahwa. Kaina ya yi nauyi, ƙahwahuna suna son tashi. Turmi nir rungume, nic ciji leɓena, ina kiran sunan Allah cikin zuciya. Ba wanda yag gani, hankalin kowa na ga Inna. Da ka ƙara kaɗan, Baban Husna, da mu biyu za ka sallama."

Halilu ya dubi leɓen nata.

"Ina da ɗa," ta ce. "Ba ni son wata rana shi tsaya inda Huzaifa yat tsaya yau, shina kallon uwatai ƙasa. Kak ka turo manyanka."

"Ummu, duk abin da nib bari, don ke nib bar shi."

"Na sani." Kukan ya ƙwace mata, ta toshe baki da tafin hannu har ya lafa. "Allah shi ba ka wadda ta hi ni. Ka gaida Husna."

Ta juya za ta shiga gida, sai ta tsaya ta dafa bango, ba ta waiwayo ba.

"Abu guda nike roƙonka. In ka hita, ko baƙin ciki ya kama ka, ka riƙe bakinka har ka yi nisa da gidan ga."